Heinrich Barth (Abdulkarim): Matafiyin da Ya Auna Tsakanin Hausa da Kanuri

Gabatarwa

A watan Satumba na shekarar 1851, wani Bajamushe ɗan shekara talatin ya sauka a garin Yo, a bakin kogin Komadugu Yobe, ba nisa sosai da inda kogin yake zuba ruwansa a Tafkin Cadi, wajen Bosso. Kogin ya kawo ruwa a lokacin, don haka sai masu fito suka haye da shi da kayansa a kan manyan goruna da aka ɗaure da itace. Daga nan ya bi gefen tafkin ya ratsa Barwa, ya wuce Ngigmi, ya nufi Kanem. Mutanen ƙasar sun san shi da sunan Abdulkarim, amma sunan da iyayensa suka raɗa masa shi ne Heinrich Barth. Yana tafe da ɗan littafi wanda ba ya rabuwa da shi, inda yake rubuta sunan kowane gari da kowace rijiya, da kuma kalmomin da yake ji a bakin jama'a.

Duniya ta fi sanin Barth da tafiye-tafiye, masu tarihi kuma sun san shi da littattafan Larabci da ya gano a Kukawa da Gwandu. Ɗaliban kimiyyar harshe su ma suna da rabonsu a gadonsa. Mutanen kwarin Komadugu sun daɗe suna jin Hausa da Kanuri tun kaka da kakanni, amma Barth yana cikin manazarta na farko da suka koyi harsunan biyu a ƙasashensu, suka jera su a takarda, suka tambayi abin da ya haɗa su da abin da ya raba su. Amsar da aikinsa ya nuna ita ce, maƙwabtaka da aron kalmomi ba sa tabbatar da zumunci tsakanin harsuna. Wakilin suna da aikatau da ginin jimla su ne suke tona asali.

Haihuwarsa da karatunsa

An haifi Barth a birnin Hamburg ranar 16 ga Fabrairu, 1821. Mahaifinsa ɗan kasuwa ne mai hali, wanda ya ɗauki nauyin karatun ɗansa da tafiye-tafiyensa na farko. Tun yana makarantar Johanneum aka san shi da kaɗaici da son littattafai da ƙwazo wajen koyon harsuna. A 1839 ya shiga Jami'ar Berlin, inda ya yi karatu a gaban August Böckh, masanin harsuna da tarihin Girkawa, da Carl Ritter, ɗaya daga cikin waɗanda suka aza harsashin ilimin labarin ƙasa na zamani. Ya sami digirin dakta a 1844 da bincike a kan kasuwancin tsohon birnin Korinti. Wannan tarbiyya ta bi shi har Afirka: ya saba da kallon gari ta fuskar kasuwarsa, da kallon al'umma ta fuskar harshenta da rubuce-rubucenta.

Bayan ya ƙara ƙarfin Larabcinsa a Landan, ya fita a 1845 ya zaga ƙasashen gaɓar Bahar Rum, daga Maroko zuwa Masar, sannan Falasɗinu da Sham da Turkiyya da Girka, bai koma gida ba sai 1847. A kan iyakar Libiya da Masar ƴan fashi suka tare shi, suka harbe shi a cinya, suka kwashe kayansa har da yawancin abin da ya rubuta. Da ya koma Berlin ya fara koyarwa a jami'a, amma ɗalibai ba su cika zuwa darasinsa ba, domin ba shi da baiwar jan hankalin aji. Ana cikin haka gwamnatin Ingila ta shirya aika James Richardson zuwa tsakiyar Afirka don ƙulla yarjejeniyar ciniki da sarakuna da neman hanyar hana fataucin bayi. Aka nemi masanin da zai raka shi, Ritter ya ba da sunan Barth. Aka haɗa su da wani Bajamushe masanin duwatsu, Adolf Overweg.

Yadda ya koyi Hausa

Ayarin ya bar Tarabulus a watan Maris na 1850, ɗauke da kwalekwale da aka rarraba gunduwa-gunduwa a kan raƙuma don a shiga Tafkin Cadi da shi. Kusa da Gat, Barth ya hau dutsen Idinen shi kaɗai, ya ɓata, ƙishirwa ta kai shi ga tsotsar jinin jikinsa, sai da wani Buzu ya tsinto shi rai a hannun Allah. Wannan bai hana shi abin da ya sa gaba ba. A cikin hamada ya fara koyon Hausa daga bakin ƴan ayari da barori da bayi, domin ya lura ita ce harshen ciniki a wannan hanya, kuma Buzayen Kel Ewey na Abzin suna jin ta kamar nasu harshe. Kafin ya kai ƙasar Hausa ya riga ya iya hira da ita.

A watan Oktoba na 1850 ya ziyarci Agadas. A nan ya ji wani harshe da mutanen birnin suke yi wanda ya bambanta da Buzanci da Hausa, ya tattara kalmominsa, ya kuma gane cewa dangin Songhai ne. Wannan harshe, Emgedesi, ya ɓace daga baya, kuma jerin kalmomin da Barth ya aika Landan aka buga a 1851 yana cikin ɗan abin da ya rage daga gare shi.

A Damargu, cikin watan Janairu na 1851, matafiyan uku suka rabu da alkawarin haɗuwa a Kukawa. Richardson ya bi ta Damagaram, Overweg ya nufi Gobir da Maraɗi, Barth kuwa ya bi ta Katsina ya shiga Kano a farkon Fabrairu, zamanin Sarki Usman. Ya ƙiyasta mazauna birnin da dubu talatin, waɗanda sukan ninka lokacin hada-hadar fatake. Ya rubuta sunayen unguwanni da kayan kasuwa da sarautu da Hausa, yadda ya ji su, kuma bai ɓoye ƙaunarsa ga daɗin harshen da fara'ar masu shi ba.

Barno da kwarin Komadugu

Daga Kano ya nufi gabas. Bayan ya wuce Gumel sai ya fara jin Hausa tana ja baya, Kanuri yana karɓar fage. A kan hanya labari ya iske shi cewa Richardson ya rasu a Ngurutuwa, a kwarin Komadugu, saura kwanaki kaɗan ya isa Kukawa. Barth ya ratse ya ziyarci kabarinsa, sannan ya shiga Kukawa ranar 2 ga Afrilu, 1851, ba kuɗi ba kayan gaisuwa na kirki. Shehu Umar, ɗan Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi, da wazirinsa Alhaji Bashir suka karɓe shi. Kukawa ta zama masaukinsa na fiye da shekara ɗaya da rabi. A nan ya sami kwafin Girgam, jerin sarakunan gidan Saifawa, da littattafan Imam Ahmad ibn Furtu a kan yaƙe-yaƙen Mai Idris Aloma. A nan kuma ya zauna ya koyi Kanuri.

Daga Kukawa ya yi tafiye-tafiye huɗu. Ya je Adamawa, ya ga kogin Binuwai ranar 18 ga Yuni, 1851, amma Lamiɗo Lawal bai bar shi ya daɗe a Yola ba. Ya je Kanem tare da Larabawan Aulad Sulaiman, tafiyar da ta bi da shi ta Yo da Barwa, zuwa da dawowa. Ya bi rundunar Barno zuwa ƙasar Musgu. Sannan ya je Bagarmi a 1852, inda aka taɓa sa masa mari, inda kuma ya yi abota da wani malami Bafulatani makaho, Faki Sambo, wanda ya san littattafan Aristo da Aflatun a Larabci. Overweg shi ma ya harhaɗa kwalekwalen nan ya shiga tsibiran Buduma, kafin zazzaɓi ya kashe shi a Maduwari ranar 27 ga Satumba, 1852.

Akwai tabo a wannan zamani na rayuwarsa. Tafiyar Kanem ta kasance tare da mahara, ta Musgu kuwa farautar bayi ce tsagwaronta. Barth ya ga an ƙone garuruwa, an kama mata da yara, an kashe mazan da ba a so a tafi da su. Ya rubuta abin da ya gani ba tare da sakaya ba, ya kuma nuna ƙyamarsa, amma ya bi rundunar da ƙafarsa domin ita ce hanyar da za ta kai shi inda yake son gani. Haka nan da yawa daga cikin kalmomin da ya tattara daga bakin bayi suka fito, mutanen da aka raba da garuruwansu aka kawo Barno. Wadai, alal misali, bai taɓa taka ta ba. Daga mutanenta da ya iske a Barno da Bagarmi ya koyi abin da ya rubuta a kan harshen Maba. Mafi yawan waɗannan malamai nasa tarihi bai riƙe sunayensu ba.

Abin da ya raba Hausa da Kanuri

Wanda ya saurari harsunan biyu sama-sama zai iya ɗauka ƴan uwa ne. Kasuwa da birni da karatu da rubutu, da sarautu irin su galadima da ciroma da yarima da kacalla, duk suna da takwarori a Kanuri. Kalmar tilo, wadda masu nahawun Hausa suke kiran kishiyar jam'i da ita, a Kanuri ita ce lamba ɗaya. Kanuri yana da shi a matsayin wakilin suna, yana kuma da ba ta korewa. Sai dai kama da wane ba ta wane. Mai koyon harsunan biyu da nufin yin magana da su, kamar yadda Barth ya yi, ba zai daɗe ba zai ci karo da bambance-bambance huɗu da suka shafi ƙashin bayan nahawu.

Na farko shi ne jinsi. Hausa tana raba namiji da mace a suna da wakilin suna da mallaka: Audu ya tafi, Binta ta tafi, dokin sarki, rigar sarki, kai da ke. Kanuri ba ya yin wannan rabo ko kaɗan. Shi ɗin nan da ya yi kama da na Hausa, a Kanuri yana nufin namiji yana nufin mace, haka nyi yana tsaya wa kai da ke. Wannan ne ya sa Babarbaren da ya koyi Hausa da girma yakan sha wahala da ya da ta.

Na biyu shi ne jerin kalmomi a jimla. Hausa tana kawo aikau, sannan aikatau, sannan karɓau. Kanuri yana ajiye aikatau a ƙarshe. Inda Bahaushe zai ce Ali yana ba Musa kuɗi, Babarbare zai ce Ali Musaro kungəna cin, wato Ali, ga Musa, kuɗi, yana bayarwa.

Na uku ya fito a cikin wannan misali. Abin da Hausa take nunawa da ƴan kalmomi a gaban suna, irin su ga da zuwa da a, Kanuri yana nuna shi da ɗafa-ƙeya. Fato gida ne, fatoro zuwa gida, fatolan a gida. Dokin sarki shi ne fər maibe: a Hausa alamar mallaka tana manne da abin da aka mallaka, a Kanuri kuwa -be tana manne da mai mallakar. Ko wajen jam'i hanyoyin sun rabu. Hausa tana da siffofi masu yawa, doki da dawaki, gida da gidaje, birni da birane, alhali Kanuri ya fi dogara da ɗafa-ƙeya guda, -wa, kamar fər da fərwa.

Na huɗu shi ne aikatau. A Hausa, mai aiki da lokacin aiki suna fitowa ne a zagin aikatau, na tafi, ka tafi, za mu tafi, shi kuwa aikatau ba ya sauyawa saboda mai yin sa. A Kanuri duk waɗannan suna cikin jikin aikatau: lengin ina tafiya, lenəmin kana ko kina tafiya, lejin yana ko tana tafiya, lenyen muna tafiya.

Irin wannan rabuwa ana samun ta a wasu sassan duniya tsakanin harsunan da ba su da alaƙa da waɗannan. Harshen mutanen Holan, wanda ɗan uwa ne na kusa ga Jamusancin gargajiya na Hamburg, yana raba hij da zij, wato shi da ita, yana kuma sa naar a gaban suna don nuna zuwa, kamar a naar huis, zuwa gida. Harshen Kecuwa na tsaunukan Andis a Peru da Bolibiya da Ekwado kuwa yana da pay ga namiji da mace, yana cewa wasi gida, wasiman zuwa gida, wasipi a gida, wasikuna gidaje, kuma aikatau ɗinsa yana zuwa ƙarshe ɗauke da mai aiki: wasiman rini, ina tafiya gida. Ta wannan fuska Hausa ta fi kusa da harshen Holan, Kanuri ya fi kusa da Kecuwa. Wannan yana ɗauke da gargaɗi na biyu: kamar yadda aron kalmomi ba ya tabbatar da zumunci, haka kamannin tsarin jimla shi kaɗai ba ya tabbatar da shi. Sai an sami siffofin nahawu da kalmomin asali sun dace da juna cikin tsari.

Da irin wannan awo Barth ya kai ga babban abin da ake tunawa da shi a fagen rabe-raben harsuna. Ya lura cewa harshen Teda na Tubawa, makiyayan hamada waɗanda rayuwarsu ta sha bamban da ta manoman Barno, ya dace da Kanuri a ƙirar aikatau da kalmomin asali, ya kuma bayyana su a matsayin dangi. Wannan shi ne tushen reshen da yau ake kira harsunan Sahara, wanda Gustav Nachtigal da wasu suka faɗaɗa daga baya.

Tafiyar yamma da komawa gida

Bayan rasuwar Overweg, Barth ya rage shi kaɗai cikin Turawan ayarin. Ya bar Kukawa ranar 25 ga Nuwamba, 1852, ya bi kwarin Komadugu ya tsaya a kufan Birnin Gazargamu, ya ratsa ƙasar Manga da Muniyo zuwa Damagaram. Tare da shi akwai amintaccen baransa Muhammadu al-Gatruni, da wasu samari biyu da Overweg ya ƴanta, Dorugu Bahaushe da Abbega ɗan ƙabilar Margi. Ya gana da Sarkin Musulmi Aliyu Babba a Wurno, ya sadu da malami Abdulƙadir ɗan Tafa. A Gwandu ya sami Tarikh al-Sudan ya kwafi sassansa, sai dai ya jingina shi ga Ahmad Baba alhali na al-Sa'adi ne. Ya haye kogin Kwara a Say, ya shiga Tambutu ranar 7 ga Satumba, 1853. Watanni ya yi a can cikin haɗari, Shehu Ahmad al-Bakka'i ne ya tsaya masa har ya fita lafiya a 1854. Wannan tafiya ta ƙara masa Fulatanci da Songhai.

A Turai an riga an ba da labarin mutuwarsa. Ranar 1 ga Disamba, 1854, a dajin Bundi tsakanin Kano da Kukawa, ya yi kiciɓis da Eduard Vogel wanda aka aiko don ya ƙarfafa ayarin. A watan Mayu na 1855 ya bar Kukawa, ya sake hayewa Komadugu, ya bi ta Barwa da Ngigmi da Bilma, ya isa Tarabulus a ƙarshen Agusta, Landan kuma a farkon Satumba, bayan shekara biyar da rabi.

Littafin harsuna da ƙarshen rayuwarsa

Labarin tafiyarsa ya fito cikin juzu'i biyar a 1857 da 1858, da Turanci da Jamusanci. Girmansa da yawan bayanansa sun sa bai yi kasuwa kamar littafin David Livingstone ba. Barth mutum ne mai saurin fushi da zargi, ya ɓata da jami'an Ingila, ya kuma ɓata da James Frederick Schön, ɗan mishan da ya riƙe Dorugu da Abbega a Ingila alhali Barth ya shirya mayar da su gida. Daga bakin Dorugu Schön ya rubuta labarai da tatsuniyoyi da suka taimaka wa nahawun Hausarsa na 1862 da littafinsa Magana Hausa na 1885. Ta fuskar Kanuri ma wani ya riga Barth bugawa: a 1854 Sigismund Koelle ya fitar da nahawun Kanuri a bisa abin da ya koya a Saliyo daga Ali Eisami, ɗan yankin Gazargamu da aka sayar bawa aka kuma ƴanta shi a teku. Koelle da Schön kowannensu ya zurfafa a harshe ɗaya daga cikin biyun nesa da ƙasarsa. Barth ya ji su duka a kasuwanninsu da fadojinsu.

Aikinsa na harshe, Sammlung und Bearbeitung Central-Afrikanischer Vokabularien, ya fito a garin Gotha da Jamusanci da Turanci, kashi uku, a 1862 da 1863 da 1866. Ya ƙunshi harsuna tara: Kanuri, Teda, Hausa, Fulatanci, Songhai, Logone, Wandala, Bagarmi da Maba, an jera kalmominsu gefe da gefe. Tsarin littafin yana nuna tunanin mai shi. Ya fara da wakilan suna da ƙananan kalmomin nahawu da ƙidaya da aikatau, ya bar sunaye zuwa kashi na ƙarshe, wato ya gabatar da abin da harshe bai cika ara ba a kan abin da yake saurin ara.

Aikin yana da rauninsa. Barth bai rubuta karin sauti ba, alhali Hausa da Kanuri duka suna rarrabe ma'ana da shi, kuma bai ware ɗ daga d ko ƙ daga k ba. Sai a ƙarni na ashirin aka cike wannan giɓi, da ƙamus ɗin G. P. Bargery na Hausa a 1934 da nazarin Johannes Lukas na Kanuri a 1937.

A 1863 aka ba shi muƙamin farfesa a Jami'ar Berlin, ya kuma shugabanci ƙungiyar masana labarin ƙasa ta birnin. Bai yi aure ba. Ya rasu a Berlin ranar 25 ga Nuwamba, 1865, yana da shekara 44, sakamakon ciwon ciki, kafin kashi na uku ya fito. Wasu gajerun jerin kalmomi ashirin da huɗu da ya bari sai a 1912 P. A. Benton, wani jami'in mulkin mallaka a Barno, ya buga su.

Abin da masana suka gina a kai

Kusan shekara ɗari bayan tafiyarsa, Joseph Greenberg ya sake rarraba harsunan Afirka, ya kammala a littafinsa na 1963. A wannan rabo harsuna taran Barth suka faɗa gida uku. Hausa da Logone da Wandala suna cikin harsunan Cadi, reshen Afro-Asiya, dangin Larabci da Buzanci. Fulatanci yana cikin Neja-Kwango. Kanuri da Teda da Songhai da Bagarmi da Maba ya sa su a Nilo-Sahara, gidan da har yau masana suke muhawara a kan iyakokinsa, ko da yake zumuncin Kanuri da Teda ba wanda yake jayayya da shi. Greenberg ɗin ne kuma ya nuna a wata maƙala ta 1960 cewa karatu da rubutu da kasuwa ta hannun Kanuri suka shigo Hausa, shaidar tasirin Barno a ilimi da mulki da ciniki.

Babu inda wannan darasi ya fi fitowa fili kamar yankin Bosso. Buduma, masunta da makiyayan tsibiran tafkin, sun cuɗanya da Kanembu da Barebari a aure da ciniki, harshensu cike yake da kalmomin aro daga gare su, amma asalinsa na Cadi ne, ɗan uwan Hausa. Tubawan da suke saukowa daga arewa kuwa, su ne dangin Kanuri na jini. Barth ya tattara kalmomin Buduma tun 1851.

Kammalawa

A farkon ƙarni na ashirin Faransa da Ingila suka mayar da ƙarshen Komadugu iyaka, masu karin harshen Mobar suka rabu tsakanin Nijar da Najeriya. Daidaitaccen Kanuri na Najeriya an gina shi a kan karin Yerwa na Maiduguri, a Nijar kuma Manga ya fi samun rubutu, Mobar da Buduma ba su sami kulawa kamarsu ba. Sannan rikici ya zo. An kai wa Bosso hari a Fabrairun 2015 da Yunin 2016, an kwashe mutanen tsibirai a 2015, dubban iyalai suka koma zaman gudun hijira a gefen babbar hanyar Diffa. Barwa, garin da Barth ya ratsa sau uku, ya zama kufai na shekaru kafin mutanensa su fara komawa a Yunin 2021. Idan al'umma ta watse, yara suka tashi cikin wasu harsuna, sunayen kifaye da ciyayi da sassan kwalekwale da dabarun noman tattasai a bakin kogi su ne sukan fara zubewa. Emgedesi na Agadas ya nuna cewa harshe yakan tafi ya bar shafuka kaɗan a bayansa.

Barth ya yi aikinsa da alƙalami da kunnen baƙo, yana dogara da mutanen da bai rubuta sunayen yawancinsu ba. Ɗaliban yau suna da na'urar ɗaukar murya da ilimin karin sauti, da yawa daga cikinsu kuma da Mobar ko Manga ko Buduma aka yi musu reno. Tsofaffin da suka san waɗannan kalmomi suna nan a Bosso da Barwa da Diffa, kuma wanda zai rubuta daga bakinsu a yau yana da damar rubuta sunayensu tare da kalmominsu.